Magulmacin Iyafis

Likitar gashin ƙashi ba ta ɓoye musu komai ba. Ta kama gwiwar Direba ta lanƙwasa, gwiwar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ya cije leɓe.

"Baba, ƙafar nan tafiya take so," in ji ta. "Kullum da safe. In ka bar ta ta sandare, ba ni da sauran abin da zan yi maka. Keken guragu ne zai biyo baya."

Matarsa ce ta amsa da "To", ba shi ba. Shi bango yake kallo.

Direba ya yi shekaru yana jan babbar motar haya ta cikin gari, har ranar da hawan jini ya buge shi ya shanye masa hannun dama, ya bar ƙafar dama tana ja. Matar kuwa Saja yake ce mata tun suna amarci, don ba ta iya roƙo ba, umarni take bayarwa. Muddin tana hutun da ta ɗauka don jinyarsa, ita ke fitar da shi. Tana gefensa tana tsokanarsa, yana dogara sanda yana mita, haka suke zagaya layinsu su dawo. Sai hutu ya ƙare. Ɗakin wanki da guga na otal ɗin da take aiki da sassafe ake buɗe shi, kuma albashinta kaɗai ke riƙe da gidan yanzu.

Shi kaɗai ba ya fita. In ba muryarta a kusa, ko bakin ƙofa ba ya kaiwa. Suka ce to a yi ta waya. Amma hannunsa mai lafiya na riƙe da sanda, da me zai riƙe wayar? Suka gwada tsohon iyafis mai igiya, abin sauraron waya da ake sawa a kunne. Igiyar ta sarƙe da kan sandar, ya kife a bakin titi, wasu masu wucewa suka ɗauko shi ranga-ranga suka kawo shi gida. Bai yi rauni ba, amma ya ƙi sake sa abin a kunne.

Shi ya sa Saja ta tashi daga aiki ta nufi shagon kayan waya, ko rigar aikin ba ta cire ba.

"Mara igiya nake so," ta ce wa mai shagon. "Na motsa jiki. Wanda ba ya faɗuwa, wanda gumi ba ya kashe shi."

Mai shagon wani kakkauran mutum ne mai zaƙin baki. Ya dube ta sama da ƙasa ya yi dariya. "Hajiya, gudu za a fara? Allah Ya taimaki titi."

"Mijina ne. Fito da kaya, ba hira na zo ba."

Ya ajiye mata guda biyu a kan gilashi. Na farko fari ne sumul, cikin ɗan gida mai santsi kamar ƙwai. Na biyu baƙi, da wata lanƙwasa da ke maƙalewa a bayan kunne, da maɓalli ƙato kamar na tsohuwar rediyo.

"Wannan farin," in ji shi, "in ya sa shi, duniya ta yi shiru. Ko a tsakiyar tasha yake magana, muryarsa kaɗai za ki ji, tas, kamar a ɗaki ɗaya kuke. Yana tace hayaniya. Cajinsa na yini. Ko ruwan sama bai dame shi ba."

"Baƙin fa?"

Ya taɓe baki. "Wannan ai magulmaci ne. Shi ma yana jure gumi, ba ya faɗuwa, amma ba ya riƙe sirri. Ko kaza ta yi tari a bayan gida sai ya kai wa wanda ke can. Kunnen ma ba ya toshewa, duk abin da ke titi mutum na ji. Masu ƙaramin ƙarfi ke ɗaukarsa."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta yanke hukuncin. Mutum in ya tsorata, gani yake abin da ya fi tsada shi ya fi magani, kuma ba ya son a ce ya yi wa majinyacinsa rowa. Saja ta rufe ido ta ba da abin da ta daɗe tana tarawa don gyaran rufin ɗaki, ta ɗauki farin.

Da safe ita ke sa masa shi a kunne kafin ta fita, don gidan abin santsi gare shi, ba ya buɗuwa da hannu ɗaya. In ta isa wurin aiki ta kunna dutsen guga, sai ta kira shi, ta maƙale wayarta tsakanin kafaɗa da kunne.

"Direba, an tayar da mota?"

"An tayar, ranki ya daɗe. Ga ni na wuce famfo."

Muryarsa na zuwa tas, yadda mai shago ya faɗa. Yana ba ta labarin hanya: ya kauce wa ramin nan na gaban makaranta, ya tsaya ya gaisa da mai facin taya a kwana, ya wuce kantin magani. Wani lokaci ya yi haki, ta ce ya huta. Wani lokaci ya ce mai faci na gaishe ta. Tana goge zannuwan gadon baƙi tana murmushi, har abokiyar aikinta ta fara yi mata tsiya, wai tsofai-tsofai an koma zance.

Ranar da suka koma asibiti, likitar ta kama gwiwar, fuskarta ta canza.

"Yana tafiyar kuwa?"

"Kullum," in ji Saja. "Ina kan waya da shi."

"To ƙafar baya take yi, ba gaba ba." Likitar ta saki gwiwar a hankali. "Zuwa na gaba in na same ta haka, gara ku fara neman keken. Ba zan yaudare ku ba."

Saja ta kai shi gida, ta kwantar da shi, ta fito sayen magani. Ta yi duk abin da aka ce. Ta sayi mai tsadar. Me ya rage? A ranta ta riga ta ga keken a tsakar ɗaki, ta ga kanta tana ɗaga ƙaton namiji daga gado zuwa banɗaki kafin ta tafi aiki, ta ga ranar da bayanta zai gaza, aikin ya tafi, gidan ya bi shi. A kwana ta tarar da mai faci durƙushe gaban taya, ta tsaya don ta yi abin da ya kamata.

"Sannu da aiki. Na gode da yadda kake tsayawa da maigidan kullum."

Mai faci ya ɗago yana goge hannu da tsumma. "Wane maigidan? Direba? Yaya jikin nasa? Wallahi tun ranar da ya faɗi ban sa shi a ido ba. Kullum ina cewa zan leƙo."

Ba ta san da wane baki ta yi masa sallama ba. Maganin ma ba ta saya ba.

Da ta shiga gida, sandar ta fara ɗauka. Robar gindinta, wadda ta canza bayan faɗuwar, sabuwa ce fil. A bayan ƙofar zaure ga kujerar roba, matashin kanta ya lotsa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana bin titunan garin nan ba ya bukatar fita kafin ya faɗa maka inda kowane rami yake.

"Mai faci na gaishe ka," ta ce.

Direba ya dube ta, ya dubi sandar a hannunta, ya sunkuyar da kai.

"Har da haki kake yi mini! Ina can ina ƙona hannu, ina cewa ka huta, kai kana zaune kana zagaya gari da baki!"

"Saja..."

"Kar ka Saja ni. Ni ka cuta ko ƙafarka? Keken kake so? Faɗa mini yanzu in je in nemo, mu huta da wasan yara."

"Na fita ranar farko," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi na fita. Abin nan in na sa shi, kamar an dulmuya kaina cikin ruwa. Ba na jin sandata, ba na jin ƙafata. Babur ya wuce ta gefena, iskarsa kawai na ji. Ni da nake gane motar da ke bayana daga kukan injinta." Sannan ya ƙara, "Kin san waɗanda suka ɗauko ni ranar nan? Ɗaya fasinjana ne. Yana ta cewa, 'Wayyo, Direba ne.' Ba zan iya sake kwanciya a titin nan ba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kin ba da kuɗin rufi."

Tausayi ya taso mata, ta danne shi. Tausayi irin wannan shi ke ajiye mutum a keke. Ta jingina sandar da gadonsa, ta zari mayafi ta fita.

Mai shago na ganinta ya ɗaga hannu biyu. "Hajiya, abin da aka sa a kunne ba a dawo da shi."

"Ban dawo da komai ba. Ba ni magulmacin."

"Wanne? Baƙin? Ai na ce miki komai yake kwasowa."

"Har ƙarar sanda a ƙasa?"

"Har numfashin mai sandar."

Ta ɓoye hannun damanta a baya, ta ɗauki abin da hagu, ta maƙala a kunne, ta danna maɓallin. Ya shiga, ya zauna. Ta girgiza kai da ƙarfi, bai motsa ba, kuma tana jin mai shagon na tambayar ko lafiya. Ta biya ta tafi.

Washegari ba ta sa masa komai ba. Ta ajiye baƙin a kan teburi kusa da hannunsa na hagu, ta jefa farin cikin jakarta.

"In na kira ka ɗauka," ta ce. "Kuma ba na son labari. Kar ka faɗa mini inda kake. Zan ji da kaina."

A ɗakin guga injinan wanki na ruri kamar kullum. Ta sa farin a kunnenta, rurin ya ɗauke ɗif. Nan ne kaɗai abin ya yi amfanin kuɗinsa. Ta kira.

Ya ɗauka. Ta ji fankar ɗakinsu tana juyawa. Ta ji kujerar roba ta yi ƙara.

"Kana zaune," ta ce.

"Takalmi nake gyarawa."

"Takalminka ba shi da igiya. Tashi."

Fanka kawai take ji. Ta ɗora dutsen guga a kan zanin gado ta manta da shi. Yanzu ba ta da sauran dabara. In bai tashi yau ba, babu wani shago da za ta je.

"Don Allah," ta ce. A iya zamansu bai taɓa jin ta faɗa masa wannan kalmar da irin wannan murya ba. "Ba zan iya ɗaga ka ba, Direba. Bayana ba zai kai ba. Ka tashi."

Kujerar ta sake ƙara, wannan karon doguwa. Sakata ta zame. Sai titi ya zubo mata cikin kunne gaba ɗaya: mai sayar da ruwa, rediyon maƙwabta, wata mata na faɗa da ɗanta. A ƙarƙashin duk wannan ta tsinci abin da take nema. Ƙwas, sannan shuu. Sanda, sannan ƙafar da ke ja. Ƙwas, shuu.

Wani babur ya taho da gudu, ƙararsa ta cika kunnen. Da ya wuce, sandar ta yi shiru.

"Direba?"

Rediyon maƙwabta kaɗai take ji.

"Direba! Ka faɗi? Yi magana!"

Abokiyar aikinta ta fizge dutsen gugan daga kan zanin, hayaƙi na tashi, tana nuna mata ƙofar ofishin shugabarsu da ido. Saja ko kallonta ba ta yi ba. Ta dafe kunne da hannu biyu.

Sai numfashi ya zo, mai nauyi, mai kaushi, wanda bai yi kama da hakin da ya saba yi mata ba ko kaɗan.

"Na ji shi tun daga nesa," ya ce daƙyar. "Na raɓe. Sarƙarsa ma ta saki, sakaran." Ya ja iska. "Ke kika ce ba kya son labari. Yi mini shiru, ina tuƙi."

Ƙwas, shuu. Ƙwas, shuu. A hankali, da tsayawa, da ƙananan zage-zage da yake yi wa ƙafar. Shugabar ɗakin wanki ta fito, ta ɗaga zanin da ya ƙone, ta ce za a cire a albashi. Saja ta gyaɗa kai, ta jawo wani zanin.

Can sai ta ji bugun ƙarfe a kan taya, bugun ya tsaya, wata murya ta ɗaga daga nesa.

"Kai! Wa nake gani haka? Direba! Kawo benci, kawo benci!"

"Bar bencinka," ta ji mijinta ya ce. "In na zauna, akwai mai ji."

Ta goge fuska da bakin hannun riga, ta ɗauki dutsen gugan.

"Ka gaishe shi," ta ce. "Sannan ka wuce. Saura kantin magani."