Ƙafar Kuloci

Motar ta sake mutuwa a tsakiyar mararraba. Ticha ya murɗa makulli yana gumi, direbobin da ke bayansa suna danna hon suna gaishe da iyayensa. Ya saci kallon Injiniya da ke zaune a kujerar gefe, yana jiran zagi. Shiru. Injiniya ya kafa wa gilashi ido, sandunansa biyu jingine a kafaɗa, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an soke ta da allura daidai gwiwa.

Wannan shirun shi ne abin da ya fi damun Ticha. Tun suna samari suke musu ɗaya, shi da Injiniya, wanda bai taɓa karanta injiniyanci ba, akawu ne a ofishin ruwa har ya yi ritaya, bakinsa ne ya samo masa sunan. A wurin Injiniya mota ita ce mai giyar hannu, mai jikin ƙarfe, wadda in ka rufe ƙofarta maƙwabta za su sani. Kamfanonin yanzu kuwa ledoji suke haɗawa su sa musu taya. Ran da Ticha ya sayi otomatik, wadda ba ta da kuloci, Injiniya ya zagaya ta sau ɗaya ya yi masa jaje.

"Motar guragu ka sayo, Ticha? Ƙafarka ta hagu me ta yi maka da za ka sallame ta daga aiki?"

Ya maimaita wannan magana shekara da shekaru, a gareji, a gidan mai, a gaban kowa. Sannan ciwon suga ya zo, likitoci suka ɗauke tasa ƙafar hagun. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai fita ba, kuma bai yi wa kowa musu ba. Matarsa ce ta kira Ticha a waya.

"Yaya, ka taimaka ka kai shi ya musanya motar nan da irin taka. In yana tuƙi zai fita. Zaman nan kashe shi zai yi. Na ce masa, ya ce to."

"To ya ce? Shi?"

"Wallahi to ya ce." Sai ta fashe da kuka.

Shi ya sa Ticha, da ya manta rabonsa da kuloci, yake jan tsohuwar motar Injiniya zuwa wurin dillali. Da ta tashi, da gangan ya tura giya ba tare da ya taka kuloci sosai ba. Ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Tsokar kumatun Injiniya ta motsa, amma bakinsa bai buɗe ba.

Filin dillalin cike yake da motoci masu ƙyalli, an ɗora wa kowacce jarka a kai, alamar ta sayarwa ce. A ƙarƙashin rumfa akwai mutanen da ba a rasawa a irin wurin nan, waɗanda ba su zo saye ba, ba su zo sayarwa ba, ra'ayi kawai suka kawo. Kafin Ticha ya kashe inji sun kewaye motar.

"Kai, wannan ai ƙarfe ce! An daina yin irinta."

"Ƙarfen me? Mai take sha kamar da gayya."

"Injin irin wannan ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya riga shi."

Wanda ya faɗi haka ya leƙa ta taga, ya ga wandon, ya ja da baya yana gyaran murya.

Dillalin ya fito yana goge hannu, ƙato ne mai fara'a irin ta wanda ya riga ya ci riba. Ya kai su gaban wata ƙaramar mota fara, ya buɗe ƙofa, ya taimaka wa Injiniya ya zauna a bayan sitiyari.

"Baba, ka ga wannan? Birki da totur, shi ke nan. Ita ke tunani, kai dai ka zauna. Ko gurgu zai..." Ya tsaya. "Wato, ko yaro zai tuƙa ta."

Ticha ya ji kamar shi aka mara. Ya yi shekaru yana tanadin amsar da zai ba Injiniya ranar da gaskiya ta yi halinta, har ya haddace ta. Ga ranar ta zo, ga shaidu a rumfa, amma ya rasa inda zai sa idonsa.

Injiniya ya ɗora hannu inda giya ya kamata ta kasance, ya tarar da wani ɗan maɓalli. Ya janye hannun ya ajiye a cinya.

"Ba shi makullin, Ticha," ya ce a hankali.

"Ita tsohuwar, wa zai saye ta?" Ticha ya tambayi dillalin.

"Saye? Ranka ya daɗe, wa ke neman giyar hannu yanzu? Masu kayan gyara za su kwance ta. Injin daban, ƙofofi daban."

Injiniya ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da Ticha ya gani a asibiti lokacin da likita ke bayani. Makullin na hannun Ticha, dillali ya miƙo tafinsa. Ticha ya dubi farar motar, ƙanwar tasa motar ce sak, wadda ya yi rabin rayuwarsa yana karewa.

"Wannan ledar?" ya ce da ƙarfi, yadda 'yan rumfa za su ji. "Iska mai ƙarfi ta taso sai mu neme shi a wata unguwa. Tashi mu tafi, Injiniya."

"Baba, a rage muku..."

"Ka sayar wa yaron," in ji Ticha.

Ya tallafi abokinsa suka koma tsohuwar motar. Ya tayar da ita, ya cusa giya, ya saki kuloci. Ta yi tsalle ta mutu. 'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Ya sake murɗawa, ya kai hannu ga giyar, sai ya ji wani hannu ya riga shi, ya ture nasa gefe.

"A giya ta uku kake tashi, malamin banza," in ji Injiniya. "Haka ka koya wa 'ya'yan mutane lissafi? Taka kuloci. Har ƙasa. Kai dai ka taka, kada ka taɓa min giya."

Ticha ya taka. Giyar ta shiga ba ko ƙara.

"Saki. A hankali, ba gudun kare kake yi ba. Taka kuma."

Suka hau titi, ɗaya na takawa, ɗaya na sawa. Ticha bai san abin da zai gaya wa matar Injiniya ba. Ya san dai abokinsa ba zai ƙara tuƙa mota shi kaɗai ba, kuma shi Ticha ne ya jawo. Gwiwarsa ta hagu, wadda saboda ciwonta ya sayi otomatik tun farko amma bai taɓa gaya wa kowa ba, ta fara zogi tun kafin su kai mararraba.

"Gobe ka zo da wuri," in ji Injiniya, idonsa a kan hanya. "Ƙafar nan taka ta lalace da zaman banza."

"To," in ji Ticha. Ya taka.