Fatar Gangar Upasena

Saura kwana uku a yi wasan, magana ta fito daga shagon shayin Karunadasa ta karaɗe garin Kumbukwewa: wai Upasena makaɗi ya sa an yanka masa saniya a birni, ya ɗaure sabuwar gangarsa da fatarta. Gangar kuwa ita za ta ja wasan waƙa na bikin Wesak, babban bikin addininsu na shekara, a harabar haikali, labarin sarkin da ya ɗana kibiya zai harbi barewa, ya dubi idonta, ya karya bakansa. Wasan hana kisa, a kan fatar abin da aka kashe dominsa!

Malama Yasawathi tana kankarar kwakwa zancen ya iske ta. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a garin, rabin masu yaɗa maganar ita ta koya musu riƙe fensir, ba ta kuma manta masu satar amsa ba. Ta wanke hannu, ta ɗauki laima.

Harabar haikali ta cika maƙil, ana gwajin wasan. Yara ashirin da ƙahonin kwali suna tsalle, mata na ɗinka rigar sarki, an rataye fitilun takarda a kowane reshe. Amma babu ganga, da tafi ake jan waƙar, barewa na gabas sarki na yamma. Karunadasa, wanda shi ne shugaban kwamitin haikali, yana ta ba da umarni.

"Kai, Karunadasa, ina makaɗi?"

"Mun dakatar da shi, Malama. Gobe Hamuduruwo zai yanke hukunci." Babban malamin haikalin yake nufi. "In ta tabbata, kaset za mu sa, shi kuma ya gama kiɗa a nan."

"Bayan shekara arba'in yana kiɗa? Ka ga yankan da idonka?"

"Kowa ya sani ai."

"Kowa ya sani Piyal ɗan ajinku ya iya lissafi, shi ya sa ka kwafi nasa kuka faɗi tare. Wa ya gani?"

Matan ɗinki suka fashe da dariya. Karunadasa ya gyara ɗaurin zanensa, ya ce fata dai ba daga bishiya ake tsinko ta ba.

A wannan ya yi gaskiya, Malama kuma ta sani. Ta bi kunyar gonakin shinkafa da sauri har gidan makaɗin. Ta same shi zaune a ƙasa, gangar a cinyarsa, ya lulluɓe ta da farin ƙyalle.

"Upasena ƙanena, ina ka samo fatar?"

"Malama, ki sha shayi tukuna."

"Na sha. Ina ka samo ta?"

Ya ƙara jan ƙyallen a kan gangar. Ta zagaya bayan gida, domin fatar saniya guda ta fi ƙarfin ganga guda, dole akwai saura. Ga shi kuwa a shanye a kan turaku, farin gashi fes. A wajen cinya akwai tabon wuta, da'ira mai sanduna takwas, tambarin haikalinsu. Malama ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Kai! Wannan ai Sudi ce!"

Sudi ita ce farar saniyar da garin ya fanso daga hannun mahauta a Wesak na bara don neman lada. An rataya mata furanni, an buga mata tambari don kada wani ya taɓa ta, Karunadasa ya yi jawabi a lasifika har ya yi hawaye, aka sake ta. Malama ta lalubi ranar da ta gan ta ta ƙarshe, ta rasa.

Upasena ya biyo ta, kai a sunkuye. Ya ce a bolar bayan kasuwa ya tsince ta, ciki ya kumbura, ƙafafu sun ƙi ɗauka. Ya kawo ta gida a keken shanu, mako uku yana ɗura mata kunun shinkafa, ta mutu a nan gindin ayaba. Da ya feɗe ta, abin da ya ciro daga tumbinta ya cika buhu. Ya janyo buhun ya buɗe mata: ledoji ne, sun dunƙule kamar igiya.

"To me ya hana ka faɗa, sakarai?"

"Malama, mu makaɗa ne. Kakana a tabarma yake zama, su kakan Karunadasa a kujera. Ni zan tashi a gaban Hamuduruwo in ce ladan manya ya mutu a bola?"

"Ni zan ce. Rataya gangarka."

"Yanzu?"

"Yanzu. Kuma ka buga ta tun daga nan."

Ya buga. Sauti ya ratsa gonaki, masu shuka suka miƙe, karnuka suka ɗauka. Malama na gaba da fata naɗe a hammata da buhu a hannu, laima ma ta manta da ita. Kafin su kai ƙofar haikali yaran sun sheƙo, ƙahoni na faɗuwa, barewa ta kama rawarta daidai a karon farko, sarki na bin ta yana rera baitinsa da iya ƙarfinsa. Matan ɗinki suka yar da allura suka shiga amshi.

Hamuduruwo, da ba ya kallon wasa sai dai ya jiyo daga ɗakinsa, ya fito bakin baranda. Malama ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta shimfiɗa fatar a gabansa.

"Ranka ya daɗe, a dubi tambarin."

Tsohon ya duba, ya leƙa buhun. Sannan ya ce, "Upasena, yara na jiranka. Je ka."

Ihu ya tashi. Karunadasa ya kutso ta cikin taron yana haki.

"Ranka ya daɗe, ba a gama bincike ba! Malama, to saniyar wa ce? Wa ya yanka?"

Malama ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa.

"Babu wanda ya yanka. Sudi ce, wadda muka fanso bara. Mun sake ta, ba wanda ya ba ta ciyawa, ta ci leda a bola ta mutu. Upasena ne ya yi jinyarta, shi ya binne ta."