Fito Daga Bayan Katanga

Bube ya sake ƙwanƙwasa ƙofar filin balo, wato ƙwallon ƙafa, na Tasawa da gindin sandarsa. Tun da hantsi ya baro rugarsu kusa da Korgom, sanye da rigar sallarsa, shanu kuma ya bar su hannun maƙwabci.

Mai gadi ya leƙo. "Baba, yau ba a shiga."

"Ɗana na zo gani. Misbahu, mai tsaron raga."

"Ko wa ka zo gani, ba shiga. Wancan mako magoya bayanmu suka yi ma arbitir, alƙalin wasa, ruwan duwatsu har suka fasa mashi kai. Shi ne aka yanke ma kulob hukunci. A yi wasa, amma ba ɗan kallo ko guda."

"Ni ban jefi kowa ba."

"Na sani, Baba. Masu jifar suna can gida suna shan shayi."

Bube bai taɓa ganin ɗansa a fili ba. Tun da yaron ya ajiye sandar kiwo ya ɗauki balo, Bube ya ɗauke masa wuta, gaisuwa ma da ka yake amsawa. Taurin kan Bube kuwa, ko bijiminsa bai kai shi ba. Gobe Misbahu zai tafi Yamai, wani kulob ya ɗauke shi, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa.

Ya zagaya bayan katanga ya zauna gindin itacen bedi. Ba kiɗa, ba ihu, sai usur da ƙarar balo jefi-jefi. Kaɗaici ya rufe shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar daji.

Can sai ya ji fito daga ciki. Fiton da ya koya wa Misbahu ne tun yana ƙarami, na juyo da shanu in sun nufi gonar mutane. Ashe da shi yaron ke kiran 'yan wasan bayansa su dawo gida. Da filin cike yake, da bai ji ba.

Bai san lokacin da ya sa yatsu a baki ya amsa ba.

Filin ya yi tsit, sannan usur ya tashi da tsawo.

Mai gadi ya zagayo yana salati. "An zura mana balo a raga. Golanmu ya bar balo ya juya yana kallon katanga kamar an kira sunanshi. Baba, ba ka ga wani ɗan iska yana fito nan ba?"

Bube ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, ya lalubi sandarsa zai tafi.

Sai fito ya sake tasowa daga ciki. Wannan karon ba na shanu ba ne, wanda makiyayi ke yi ne in yana tambayar ɗan'uwansa ko yana kusa.

Mai gadi na tsaye yana kallonsa. Bube ya ajiye sandar, ya sa yatsu a baki.