Ledojin Farfesa

"Naɗe ta za ka yi kamar tabarma, Tela! Kada ka ninke, ba yadi ba ne."

Dakta ce ke magana daga gindin tsani, da damin wayoyi a kafaɗarta, tana yi wa Tela, maɗinkin layinmu, faɗa a kan ledar da yake cirewa daga rufi. Tsohuwar ɗalibar Farfesa ce, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu. Tun jiya babu wuta a unguwar, janareta ya ƙi tashi, batirin da ke riƙe da na'urar da ke ba shi iskar numfashi kuma ya kusa ƙarewa. Asibiti ya ce ya gama da shi. Abin da yake so kawai ya kai gobe, lokacin da 'yarsa tilo za ta iso daga ƙasar da take aiki.

Aikin da ya ƙare rayuwarsa a kai shi ne roba mai ɗaukar lantarki kamar waya. Ana shafa ta siririya a jikin leda, ledar ta riƙa mayar da hasken rana wuta. Masu sukar aikin sun ce abin yana da kyau a ɗakin gwaji, amma rana da ruwa za su kashe shi kafin a je ko'ina. Bai yi musu da kowa ba. Ya bi layinmu gida-gida ya manna ledojin a kan rufi, da sharaɗi guda: kada a taɓa, kada a wanke. Yau shekaru ke nan.

Su ne Dakta ta ce a tattaro. Kafin rana ta take, an shimfiɗe su a rufin Farfesa, an jona wannan da wancan, an zuro waya ta taga.

Ina cikin ɗakin. Gado, kujera ɗaya, kwalaben magani a kan littattafai. Na'urar tana ta ƙara, alamar batiri ya yi ƙasa. Dakta ta durƙusa ta ɗaura wayar, ta kafa wa ma'auni ido.

Ƙarar ta tsaya. Na'urar ta koma gurnaninta.

Farfesa ya buɗe ido. "Nawa suka kawo?"

"Malam, ka huta mana."

"Ke, ni na koya miki karanta abin nan. Nawa?"

Ta faɗa masa. Ya sa ta maimaita. Sannan ya juyo gare ni, ya kira ni da sunan tsohon aikina na jarida.

"Edita, ka ji ko? Mafi yawan ƙarfinsu yana nan. Tsofaffi ne kamar mu, amma ba su yi ritaya ba."

Mai Wanki, wadda gidanta ke ƙarshen layi, tana tsaye bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Baba Farfesa, ni fa a yafe mini. Tawa duk sati sai na hau na wanke ta da sabulu. Ba na iya ganin dauɗa."

"Da sabulu?"

"Har da soso."

Dariya ta sarƙe shi, sai da Dakta ta ɗaga masa kai. Da ya samu numfashi ya ce, "Kin ɓata mini gwaji, baiwar Allah. Dakta, hau ki auna tata ita kaɗai."

Ta hau, ta auna, ta leƙo ta taga. "Tana aiki, Malam. Ta ma fi ta Tela."

"To ai shi ke nan. Ki gaya wa masu sukar nan har soso tana jurewa."

A ranar Dakta ta aika wa tsofaffin ɗalibansa sakamakon. Wayarta ba ta huta ba. Wani ya kira daga masana'antar da ke buga irin ledar, wata daga wani asibitin ƙauye da ke sanyaya allurai da ita. Farfesa ya saurari kowa, ya gyara wa biyu lissafi.

'Yarsa ta iso washegari da hantsi. Ya gane ta, ya tambaye ta hanya, ya yi mata faɗan rama. Sun yi hira mai tsawo, an ja musu ƙofa. Ya rasu kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, na'urar tana aiki. Har lokacin ba a dawo da wuta ba.

Dakta ce ta kashe na'urar. Gidan ya cika da maƙwabta, wasu a tsakar gida, wasu a kan dakali. 'Yar ta fito daga kicin riƙe da butar shayi ta lantarki, ta tsaya tana duban soket ɗin bango. Dakta ta miƙa hannu ta karɓa, ta jona ta a wayar da ta sauko daga rufi. Muka zauna muna jira har ruwan ya fara tafasa.