Muryar Baba a Rumbun Ruwa

Duk wanda ya taɓa shiga mota a babbar tashar garinmu ya san muryar Baba, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai kiran lodi. Lasifika ake ce masa, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba, don ranar da aka kawo lasifikar gaske aka ɗaura a bakin tasha, direbobi suka ce a mayar da ita, wai ba ta kama ƙafarsa ba. A gida ma haka yake. In ya ƙwala "Auta!" daga ƙofar gida, ni da duk wani auta da ke layinmu muke amsawa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannu ya dawo rabi da rabi, amma harshe ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta jan ta kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Mu kuwa gidanmu gidan surutu ne, ba mu iya jira ba. Da ya ce "Ba... ni..." sai Yaya, wato wana, ya ce ruwa, matarsa ta ce shayi, ni in ce rediyo, kafin ya kai ƙarshe an jere masa duka ukun a gabansa. A ganinmu gata muke yi masa.

Wata rana abokan aikinsa na tasha suka zo dubiya. Ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, kalmar ta maƙale, ɗayansu ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, Lasifika." Daga ranar Baba ya rufe bakinsa. Sai ɗaga kai, sai nuni da yatsa. Likita ta gaya mana ƙiri-ƙiri cewa harshe kamar ƙafa yake, in ba a taka shi zai kwanta, kuma in ya daɗe a kwance ba lallai ya tashi ba. Mun yi lallashi, mun yi fushi, ni har kuka na yi masa. Ko a jikinsa.

A kan tudun da ke bayan garinmu akwai tsohuwar fadar dutse, mai hasumiyoyi da katanga mai kaurin da mutum biyu za su jera a kanta. Tun ina yarinya nake ganinta, ban taɓa shiga ba. Ai ɗan gari shi ne na ƙarshe wajen ganin abin garinsa. Sai da masu kula da ita suka buɗe azuzuwa ga mutanen unguwa ranar Asabar, ajin saƙa, ajin ginin tukwane, ajin waƙa, sannan na taka ƙofarta. Na shiga ajin waƙa. Tela ce ni, sati guda ba abin da nake ji sai ƙarar keken ɗinki, na ce bari in ji muryar mutane ko da marasa daɗi ne. Da yawansu kuwa marasa daɗin ne.

Ɗakin da aka ba mu tsohon ɗakin masu gadi ne, kusa da babbar ƙofa. Da mu da 'yan ajin saƙa muke raba shi, saboda haka ko ina darduma ce da labule da ƙunshin zare har sama. Ɗakin yana shanye sauti kamar soso. A ciki muka haɗa waƙarmu ta yabon garinmu, mai sauri, mai tafi da buga ƙafa, wadda in ba ka ja numfashi da wuri ba sai a baro ka a baya. Malamar waƙa tana son ta, mu ma muna ji da ita. Za mu rera ta ranar da za a buɗe fadar ga jama'a, kowane aji ya nuna abin da ya koya, kuma an ce mu aka ware wa wuri mafi kyau a ginin, wato rumbun ruwa da ke ƙarƙashin ƙasa. Ana gyaran matakalarsa, shi ya sa ba wanda ya taɓa shiga a cikinmu, har da Malama. Muka yi ta murna da wurin da ba mu gani ba.

Asabar ɗin ƙarshe kafin taron aka ce mu sauka mu gwada. Ranar Yaya da matarsa sun yi tafiya, ba wanda zan bar wa Baba, sai na tafi da shi. Bai so ba, amma wanda ba ya magana ba ya cin gardama.

Jagoran da ke zagayawa da baƙi shi ya buɗe mana, wani dogon mutum mai tarin makullai a ƙugu. Ya riƙe Baba ta ɓari ɗaya, na riƙe ta ɗaya, muka gangara a hankali, sanyi yana ƙaruwa. Da muka fito daga lungun matakalar sai na tsaya cik.

Gani ya kori ji. Ginshiƙai ne jere, kowanne mutum uku ba za su rungume shi ba, sun miƙe sama sun haɗe da rufi mai lanƙwasa kamar an kifa ƙwarya. Ba siminti, ba ƙarfe, dutse ne a kan dutse, kowanne ya danne ɗan'uwansa ya riƙe shi. Daga can sama, ta wasu 'yan ramuka, hasken rana yana saukowa siri-siri. A jikin bango ana ganin layin da ruwa ya bari, ya fi tsayin jagoran sau biyu. Mutanen da ba su da inji ba su da mota suka haƙa wannan, suka ɗauko duwatsun nan a kafaɗa. Na ji ni 'yar mitsitsiya, kuma ban ji haushin hakan ba.

Jagoran ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Nan suke tara ruwan sama, in abokan gaba sun kewaye su. Don Allah a nan ana magana ne ɗaya bayan ɗaya, kuma a hankali."

Na ɗauka salo ne na masu zagayawa da baƙi, don a ce wurin yana da kwarjini. Muka zaunar da Baba a gindin wani ginshiƙi, muka jeru, Malama ta ɗaga hannu, muka saki waƙa da ƙarfinmu.

Ban taɓa jin abin kunya irin wannan ba. Baitin farko bai gama fita ba na biyu ya hau kansa, na uku ya hau kansu duka. Tafin da muka yi ya dawo mana daga gabas da yamma, ya ci karo da sabon tafi. Kan ka ce kwabo wurin ya zama kasuwa, ba ka jin kalma ko ɗaya, sai gunji. Na ga bakin maƙwabciyata yana motsi amma ban san a wane baiti take ba. Muka tsaya, ɗakin bai tsaya ba, ya ci gaba da maimaita mana shirmenmu har sai da ya ga dama.

Sai gardama ta ɓarke. Wannan ya ce masu tafi ne suka yi sauri, waccan ta ce maza ne suka yi ihu, wani ya ce a koma ɗakin sama, Malama tana cewa a saurare ta. Duk abin da aka faɗa ɗakin yana ninka shi yana mayar mana. Ni ma ina ciki, muryata ta fi ta kowa tashi.

"Ya... isa."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Kalmar farko ta fito, ta tashi sama, ta zagaya rufin, ta yi ta yawo tsakanin ginshiƙai. Sai da ta kusa ɓacewa ta biyu ta biyo ta, ta sami wuri a share. Muryar ta cika ɗakin daga bango zuwa bango, mai kauri, mai zurfi, kamar dutsen ne da kansa ya gaji da mu ya yi magana. Wurin ya yi tsit. Na juya. Baba ne, hannunsa a kan sanda, idanunsa a sama, shi ma yana sauraron inda muryarsa ta tafi. Rabona da jin ta tun ranar 'yan dubiyar nan.

Jagoran ya yi murmushi ya ce, "Haka yake. Duk abin da ka ba shi sai ya riƙe shi ya juya shi kafin ya saki. Mai sauri kalmominsa tattake juna suke yi."

Malama ta je gaban Baba ta durƙusa. "Baba, mu duk mun yi wa ɗakin nan gaggawa. Za mu rage waƙar, mu cire tafi, mu ja ta a hankali. Amma ina so kai ka buɗe mana. Layi uku kawai, ba waƙa ba, magana."

Baba ya dube ta, ya dubi mutane, ya sunkuyar da kai ya girgiza shi. Malama ba ta matsa ba, ta faɗa masa layukan a kunne, ta ce in ya ga dama, wurinsa yana nan.

Satin nan bai ce uffan ba. Ni ma na kama bakina, da ƙyar. Sai dai wata safiya ina shanya a bayan gida na ji wani gurnani daga ɗakinsa, kamar ana tura kujera mai nauyi, a tsaya, a sake turawa. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu har ruwansa ya jiƙe min ƙafa. Ban shiga ba.

Ranar taron na fito zan ce masa mun tafi, na same shi zaune a bakin gado, ya sa farar rigarsa, ya ɓalla maɓallan da hannu ɗaya, ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba. Na kai hannu zan gyara, ya buge min hannu. Haka muka tafi da shi, ni da Yaya.

Fadar ta cika maƙil. A tsakar gida masu tukwane sun baje kayansu, masu saƙa sun rataye nasu a jikin katanga, yara suna hawa da sauka a hasumiya. Da lokacinmu ya yi jagoran ya sauko da jama'a rumbun ruwa, yana ta sa yatsa a baki. Na hango direbobin tasha a cikinsu, har da mai cewa Allah sarki. Na so in ce wa Baba ba dole ba ne, amma ya riga ya miƙe, ya jingina da ginshiƙi.

Layukan, magana ce ga waɗanda suka gina wurin.

"Mun... zo."

Ɗakin ya karɓa, ya ɗaga, ya kai ta har lungun da haske bai kai ba. Na ga wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Mun ga... abin da... kuka... gina."

Kowace kalma ta sami filinta. Jinkirin da a gida yake sa mu ƙosa, a nan shi ne daidai, kamar da shi aka auna ginin.

"Yana... nan..."

Sai ta maƙale. Na san alamar, leɓensa na ƙasa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Na san kalmar da ta rage, tana kan harshena, bakina har ya buɗe. Amma ɗakin bai gama da "nan" ba. Yana ta juya ta a sama, yana miƙa ta daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, tana siririncewa a hankali, kuma duk jama'a sun ɗaga kai suna bin ta. Ba wanda ya san Baba yana kokawa, sai ni da Yaya. Na rufe bakina. Sautin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ƙare. Shiru ya sauka, irin wanda kake jin bugun zuciyarka. Ba wanda ya yi tari.

"...tsaye."

Malama ta sauke hannu, muka shiga waƙa a hankali. Ban san yadda na rera ba, hawaye ya hana ni ganin kowa. Abin da na sani shi ne muryoyinmu marasa daɗi sun tashi sun haɗu a rufin nan sun zama wani abu da ya fi ƙarfinmu, har na ji tsoro.

Da aka tashi direbobi suka kewaye shi. Muka fito da shi sarari, rana ta kashe mana ido. Na zaunar da shi a kan wani dakali kusa da babbar ƙofa, na ce, "Baba, ka gaji ko?"

Ya girgiza kai. Ya nuna bakin matakalar da sandarsa.

"Ɗakin... nan..."

Yaya ya ce, "Yana da kyau, ko? Wallahi ni ma..." Na taka masa ƙafa da ƙarfi.

Muka jira. Wani yaro ya wuce da tukunyar da ya gina, karkatacciya. Iska ta kaɗa zaren masu saƙa. Baba ya haɗiye yawu, ya sake ɗauko maganar daga farko.

"Ɗakin nan... yana bari... in gama."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na miƙa wa Baba hannu ya dafa, muka kama gangaren tudu. A hanya ya fara ba mu labarin wani direba da ya gani a cikin taron, yadda ya taɓa mantawa da matarsa a tasha ya ja mota. Labarin gajere ne, mun kuma san shi tun muna yara. Har muka iso gindin tudu bai kai rabi ba, sai muka rage tafiya.