Babu Toka a Takardar

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, ni aka miƙa wa takardar. Umma ce ta karɓe ta daga hannun Sista Marta, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu ciwon ƙoda, ta juyo ta ba ni ko dubawa ba ta yi ba.

"Ke ce mai karatu, Sa'adiya. Kuma ke ce a gida."

Gaskiya ta faɗa. Umma koyarwa take yi a wata firamare a Bungudu, da sassafe take bin mota, ba ta dawowa Gusau sai bayan la'asar. Ni kuwa na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba abin da nake yi sai karance-karance. Haka tukunyar Baba ta dawo hannuna.

Sista Marta ta yi mana bayani a tsaye a bakin ƙofa. Ta ce ƙodojin sun gaji amma ba su mutu ba. In aka kiyaye abinci, zai iya daɗewa bai hau injin wankin ƙoda ba. Ta dubi Baba ta ce, "Baba, yanzu kwanon abincinka shi ne rabin maganinka."

Ban da gishiri, in ji takardar. Ban da magi, ban da kanwa. Ban da ayaba da lemon zaƙi da dankali da wake da tumatirin gwangwani. Nama yanka biyu ƙanana. Ruwan sha ma da awo. Na kafe takardar da ƙusa a ƙofar kicin, na kuma kwafe ta a littafina don kada ta ɓata.

Baba, Malam Shu'aibu mai awo, shekara talatin ya yi yana sayar da hatsi a kasuwa. Mutum ne mai son abinci, wanda tun daga zaure yake gane miyar da aka yi wa rowar daddawa. Ranar farko da na kai masa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya leƙa cikin kwanon.

"Wannan miya ce, ko ruwan da kika wanke tukunyar?"

"Baba, takardar ce ta ce..."

"To, Alƙaliya. Hukunci ya hau kaina."

Tun daga ranar sunan ya bi ni. In ya hango ni da tire sai ya ce ga Alƙaliya nan da sammaci.

Na yi iya ƙoƙarina, Allah ya sani. Na soya albasa har ta yi ja ta yi zaƙi. Na daka citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari. Na matsa lemon tsami a kan kifi. Na gasa tattasai a kan garwashi don miyar ta ɗauki ƙamshin hayaƙi. Duk abin da na gwada ina rubutawa a littafin, da yawan lomar da ya ci a gefe. Biyar. Uku. Huɗu. Biyu. Ƙamshi yana cika gidan har maƙwabta su yi sallama su ce me ake dafawa, amma da ya kai baki sai fuskarsa ta faɗi.

A sati na biyu ya daina kirana Alƙaliya. Sai kawai ya ce, "Ajiye nan, Allah ya yi albarka," in dawo in tarar da tuwon ya yi ɓawo. A sati na uku agogon hannunsa ya fara zamewa har gwiwar hannu in ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Masallacin da ke ƙofar gidanmu ma ya fara gagararsa.

Ni nake dafawa, shi yake ramewa. Abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Ana haka Gwaggo Hanatu ta zo dubiya. Yayar Baba ce, a Bilbis take zaune, can wajen Tsafe. Sai da motarsu ta jira rana ta ɗaga sosai kafin ta kama hanya, saboda tsoron 'yan bindiga. Tana shiga ɗakin ta ga ƙanenta, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye sai ta jawo kwanon da ke gefensa, ta dangwali miyar ta lasa.

"Innalillahi! Ke ɗiyar ga, mi ne ne wanga?"

"Miya ce, Gwaggo. Likita ya hana shi gishiri."

"Awo, ya hana shi gishiri. Ya ce kuma a kashe shi da yunwa? Wagga ko akuya aka ba sai ta yi hushi."

Baba ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Ta ja ni kicin, ta kwance ƙullin kayanta. A cikin wani tsumma akwai wani dunƙule mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai tauri kamar dutse, ya kai girman ƙwan agwagwa.

"Tokar karan gero ce," in ji ta. "Da hannuna na ƙone karan, na tace, na dafa ruwan har ya daskare. Da ita iyayenmu suka yi miya, zamanin da gishiri sai gidan masu hali."

"Gwaggo, ba kanwa ba ce? An hana shi kanwa."

"Ji min yarinya! Kanwa daga ƙasa ake haƙo ta. Wagga kara ce. Geron da ubanki ya ƙare rayuwa yana awo, karanshi ne. An hana shi gero?"

Ba a hana shi gero ba. Na je gaban takardar na karanta ta daga sama har ƙasa sau uku. Ga gishiri, ga magi, ga kanwa. Babu toka.

A ƙasan takardar akwai lambar wayar Sista Marta. Na shigar da lambar a wayata, na tsaya ina kallonta. Na ce wa kaina kunya nake ji, ina ni ina kiran babbar ma'aikaciya a bakin aikinta in tambaye ta zancen toka. Amma ba kunyar ce kaɗai ba. Tsoro nake ji kada ta ce a'a. Na goge lambar.

Gwaggo ta ɓantari kaɗan ta jiƙa a kofi, ta tsiyaya ruwan a miyar kuɓewa. Na ɗanɗana. Ba gishiri ba ne, amma akwai wani abu da harshe ke kamawa, wani ɗan kaifi a can baya. Miyar ta yi yauƙi, ta haɗe jikinta, citta da tafarnuwar da nake ta zubawa a banza duk suka fito.

Baba ya cinye malmala guda. Ya suɗe kwanon da yatsa, ya ɗago ya dube ni.

"Alƙaliya, yau an yi sassauci ke nan? A ƙaro rabi."

Da Umma ta dawo ta ga kwanon wayam, sai ta shige ɗaki ta yi sujada. Ta tambaye ni me na canza, na ce wata dabara ce Gwaggo ta koya min, ba gishiri a ciki. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Kwana uku Gwaggo ta yi ta koma Bilbis, ta bar min dunƙulen a cikin gwangwanin madara. Na ci gaba. Ina sawa a miyar rana, ina sawa a ta yamma. Da na ga yana so sai na riƙa ƙara hannu. Ya koma fita sallar Azahar da La'asar a masallaci. Har ya fara zancen zai leƙa kasuwa ya ga yadda sabon gero ya shigo. Na daina rubuta yawan loma.

A rana ta tara, bayan Azahar, ina wanke-wanke na ji buta ta faɗi. Na fito na same shi zaune a ƙasa a tsakar gida, ya jingina da bango.

"Sa'adiya, ƙafafun nan ba nawa ba ne. Kuma leɓena kamar tururuwa ke bi."

Na yi ƙoƙarin ɗaga shi na kasa. Na fita da gudu ko mayafi babu, na buga ƙofar maƙwabcinmu Malam Bashiru mai Keke Napep. Shi ya ciccibe shi. A hanya na riƙe hannun Baba, ina jin jijiyarsa tana bugawa a hankali, ta tsaya, sannan ta sake bugawa. Na kira Umma, ban san me na ce mata ba.

A asibiti suka ɗebi jini, suka manna masa wayoyi a ƙirji. Likita ya dubi takardar da injin awon zuciya ya fitar, sai ya ɗaga murya yana kiran ma'aikata. Aka tura gadon aka rufe ƙofa. Kafin Umma ta iso daga Bungudu an riga an huda wuyansa an sa roba, an ɗora shi a kan injin wankin ƙoda.

Can Sista Marta ta fito ta same mu a kan benci. Ta ce ya tsallake. Ta ce wani sinadari ne da ƙoda ke fitarwa ya taru a jininsa har ya kusa tsayar da zuciyar.

"Me yake ci a gida? Ayaba? Wake?"

"Ko ɗaya," na ce.

"Kanwa fa? Ko jiƙe-jiƙen gargajiya?"

"A'a, Sista."

Da na kama bakina a nan, da shi ke nan, za a ce ciwon ne ya ci gaba da kansa. Umma tana gefena tana jan carbi.

"Sai dai toka," na ce. "Tokar miya. Ta karan gero."

Sista Marta ta zauna a kusa da ni a hankali.

"Wayyo, 'yata. Kwana nawa?"

"Tara."

"Abin da muke gudu a cikin ayaba da wake, ai shi ne zallansa a toka."

"Babu ita a takardar," na ce. Muryata ta fito kamar ta ƙaramar yarinya.

"Babu," in ji ta. "Ban kawo a raina akwai mai sa ta a miya a cikin gari ba." Ta dafa kafaɗata, ta tashi ta koma ciki.

Umma ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Sai da muka fito bakin titi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kada Gwaggonki ta ji wannan maganar."

Yanzu sau biyu a sati ake kai shi wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Likita ya ce wataƙila dama can za a je, ko ba daɗe ko ba jima. Kowa yana maimaita min wannan maganar. Ba wanda ya san wata nawa ne tsakanin dama can da ranar da na kai shi.

Jiya Juma'a, Umma tana makaranta, na kai masa tuwo da miyar kuɓewa. Na soya albasar, na sa citta, na matsa lemon tsami. Yana kwance, farin bandeji a wuyansa. Ya tashi zaune da ƙyar, ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana juya ta a baki kafin ya haɗiye.

"Rufo ƙofar," ya ce.

Na rufe.

"Akwai saura?"

Na gane abin da yake nufi, amma na ce, "Sauran me, Baba?"

"Kada ki mayar da ni yaro. Na san Yaya Hanatu, ba ta kawo abu kaɗan." Ya rage murya. "Ba da yawa ba. A bakin cokali kawai. Ai yanzu akwai injin, ranar Litinin zai wanke."

"Baba, sun ce zuciyarka..."

"Na ji abin da suka ce, ina wurin. Kwana tara na yi ina cin abinci kamar mutum, Sa'adiya. Ban riƙe ki da komai ba, wallahi. Roƙonki nake yi."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa ba. Na fita na nufi kicin.

Gwangwanin yana nan a bayan buhun shinkafa. Ban zubar ba tun ranar, na kasa ko taɓa shi. Na buɗe. Saura kamar rabi. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, ina jin tarinsa daga ɗaki. Sannan na fita tsakar gida, na ɗora dunƙulen a bakin makwarara, na farfasa shi da dutse, na kwara masa ruwa bokiti guda har ya bi rariya.

Na koma ɗakin.

"Babu saura, Baba."

"Na ji ƙarar ruwan," ya ce.

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa.

"Kin yi daidai."

Ya mayar da murfin kwanon, ya tura shi gefe da bayan hannu, ya kwanta ya juya fuskarsa bango.