Wutar Biki a Filin Bayan Coci

Eh, na tsufa, Ofasia, ai ba labari ka ba ni ba. Ni na goyi uwarka. Sauke muryar nan, a gidana kake.

An ji, kai ne shugaban bikin cikar unguwa shekara sittin, har kun buga ɗan littafin tarihi da hotuna. Jikata ta karanta mini. Wai filin bayan coci gonar kwakwa ce tun asali. Wa ya gaya muku? Tsohon nan Maelanga? Jiya-jiya ya sauko daga jirgin ruwan tsibirin Malaita, ya tarar har an ja mana famfo.

Babana na cikin waɗanda suka haƙa rami a filin nan. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare sojoji za su tafi, sai suka tara mazan ƙauyenmu, kowa aka ba shi gwangwanin nama da taba. Suka yi ta jidar bama-bamai, dogaye masu tsini, ana jera su kamar kifi a kwando. Aka ja ƙasa aka rufe. Ba zurfi, mutane sun gaji. Daga baya ne aka dasa kwakwar taku.

Tatsuniya? To, je ka tambayi Rosina maƙwabciyata yadda ta zama ba miji. Mijin nata Kwaimani shara kawai ya tara a gefen filin ya cinna mata wuta, da rana tsaka. Ina wanki a rafi na ji ƙasa ta yi tsalle a ƙarƙashina. Akwatin da aka binne shi a ciki, mutum ɗaya ya ɗauka, da hannu ɗaya. Bam ɗaya ne fa ya tashi ran nan. Babana ya ce shi daga ɗari ya daina ƙirga.

Na faɗa mana. Na faɗa a coci, na faɗa a ofis, aka ce in kawo takarda. Ni da ko sunana da babban yatsa nake sa shi.

Yanzu ku motu, gashin nan na kan duwatsu, za ku yi a tsakiyar wurin. Wuta ta wuni tana cin duwatsu har su yi ja, aladu shida, rogo, 'yan makaranta suna rawa a kewaye. Na ga har an jibge itacen.

Na ji, na ji. Masu gwada ƙasa su nemo bam sai wata mai zuwa, biki kuma Asabar, an gayyaci manya, wurin ne mai inuwa.

Shi ke nan ɗana, kada a matsar da ko dutse ɗaya. Amma ran Asabar kai za ka durƙusa ka kunna, kuma 'yarka Lensi ce za ta miƙo maka ashana. Ni ina can bakin teku. In na ji shiru har azahar, na zo cin alade.